Raunin Akidar Sassauci da Dawowar Zancen Gurguzu a Katsina

Akidar sassauci, wato ra'ayin da ke ɗaukar 'yancin mutum da zaɓe da kotu mai zaman kanta da kasuwar da gwamnati ba ta sa wa hannu a matsayin ginshiƙan zaman al'umma, ta shigo Najeriya ne a rabe, kuma wannan rabuwar ita ce tushen rauninta a yau. Ɓangarenta na kasuwa soja ne ya kafa shi da ƙarfin doka, domin gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ce ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, jim kaɗan bayan muhawarar da jama'a suka ƙi karɓar bashin IMF, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen gyaɗa da auduga, aka kama hanyar sayar da kamfanonin gwamnati. Ɓangaren zaɓe kuwa bai zauna da gindinsa ba sai 1999.

Da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai keke Napep da mai shayi da malamin firamare a unguwa irin Ƙofar Marusa, wadda ta ci sunan ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Katsina, da farashin tiyar masara suke auna dimokuraɗiyya, kuma ba a yi musu adalci ba idan aka kira wannan ma'auni jahilci, domin tsarin da ya ba mutum ƙuri'a ya hana shi tuwon dare ya cancanci tuhuma.

Gurguzu, wato ra'ayin cewa manyan hanyoyin samar da dukiya su zama mallakar jama'a maimakon 'yan jari-hujja, ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ta ɗora siyasarta kan saɓanin da ke tsakanin talakawa da masu sarauta, sannan PRP ta Malam Aminu Kano ta gaje ta, har ta ci jihar Kaduna a 1979, lokacin da Katsina ke cikinta. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, majalisar jihar da jam'iyyar NPN ta mamaye kuma ta tsige shi a watan Yunin 1981. Sakataren gwamnatinsa, Dakta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, abin da ke nuna cewa ra'ayin ya ratsa har gidan sarauta. Shi da Segun Osoba ne suka fitar da rahoton marasa rinjaye na kwamitin rubuta tsarin mulki a 1976 suna sukar daftarin da cewa masu dukiya yake karewa. Ko kwamitin siyasa da Babangida ya kafa da kansa gurguzu ya ba da shawara a 1987, gwamnati ta yi watsi da shi.

Sai dai abin da ya farfaɗo yanzu ya fi kama da bege fiye da tafiya mai tsari. Matasan da suka ɗaga tutar Rasha a biranen Arewa yayin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 sun kama alamar ƙasar da ta bar gurguzu tun 1991, abin da ke nuna fushi na gaskiya da bai samu malamai ba, alhali NEPU a zamaninta tana da rassa da waƙoƙi da mutanen da suka sha ɗauri dominta. Buƙatun matasan kansu kuwa suna rubuce a babi na biyu na tsarin mulkin 1999, wanda ya yi alkawarin ilimi kyauta da wadataccen abinci da hana tara dukiya a hannun 'yan ƙalilan, amma sashe na 6 na kundin ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika ko ɗaya daga cikinsu.