Bakin Wanda Ake Ƙara: Daga Zauren Alƙali Zuwa Sashe Na 36

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu leƙa kotu, wurin da mu marubuta muke yawan kai taurarinmu, mu sa alƙali ya buga guduma a shafi guda, ba tare da mun bari wanda ake tuhuma ya ce uffan ba.

A zamanin En'e, idan aka kai ƙarar mutumin Ɗanbatta, gaban alƙalin gunduma zai gurfana. Sarkin Kano ne ya naɗa alƙalin, baitulmalin En'e ke biyan shi, ɗan dokan da ya kamo mutum na En'e ne, gidan yarin ma nata ne. Littattafan Malikiyya ake bi, musamman Tuhfa ta Ibn Asim, kuma kada wani ya ce maka babu haƙƙin wanda ake ƙara a cikinsu. Akwai shi, har da yawa. Mai ƙara ne ke da nauyin kawo shaidu. In ya kasa, wanda ake ƙara ya rantse ya tafi abinsa. In an kawo shaidu, yana da damar sukar su, ya nuna akwai gaba tsakaninsu, ko mai shaidar yana da abin da zai samu. Sannan ga i'izari: kafin alƙali ya yanke hukunci, dole ya tambayi wanda hukuncin zai faɗa kansa ko yana da sauran hujja. Har gobe kotunan ɗaukaka ƙara suna rushe hukunci saboda an tsallake wannan tambaya guda ɗaya.

Nauyi ma yana kansa. In sammaci ya zo, dole ya amsa. In aka ba shi rantsuwa a shari'ar dukiya ya noƙe, sai a juya ta kan mai ƙara, ya rantse ya ci. A ƙasa irin ta Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, iyaka kuwa wani lokaci layin gamba ne kawai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma hauzi, wanda ya ceci manoma da dama: in bare ya shekara 10 yana noma wuri, mai da'awa yana gari yana kallo bai ce komai ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraren da'awarsa bayan nan. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, shi ya sa rigimar gonar gado ba ta tsufa.

To ina matsalar take? Tana wurin da mai ƙara da mai kotu suka zama abu guda. Ranar 8 ga Agusta 1950 matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da ɗan garin nan, Magaji Ɗanbatta. Daga nan zauren alƙali ya koma filin siyasa. A kama mutum da laifin taro ba izini ko zagin sarauta, ɗan dokan En'e ya kawo shi, alƙalin En'e ya saurara, a rufe shi a kurkukun En'e, wani lokaci har da bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta sha irin wannan ɗauri, a Kano ma sai da aka kore ta daga garin. Wa zai soki shaidar dogari a gaban wanda ubangidan dogarin ya naɗa? Lauya kuwa doka ta hana shi taka ƙafa a waɗannan kotuna.

Turawa ma abin ya dame su, ta wata fuskar daban. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba hukuncin kisa, sai kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, domin a dokar Turawa kisan da aka yi cikin tunzuri ba ya kai mutum ga igiya. Sarakuna da alƙalai suka ji haushi ƙwarai, aka yi ta yi wa dokar kwaskwarima. Da 'yancin kai ya matso, gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu dokar Final Kod da dokar tsarin shari'ar laifuka, suka fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. Laifi ya zama sai wanda aka rubuta. Amma duba wayon: tsarin mulkin 1960 da na 1963 sun ba kowa damar ɗaukar lauya, sai suka tsame kotunan gargajiya daga ciki. Wato ɗan kasuwar da aka kai gaban majistare yana da lauya, manomin Ɗanbatta kuwa sai bakinsa.

Soja ne suka raba kotu da fada. Dokar 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da na alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatin jiha daga Afrilu 1968. Tsarin mulkin 1979 ya cire waccan togaciya, sannan a 1982 wata babbar kotu ta ce sashe na 390 da ya hana lauyoyi shiga kotun yanki ya saɓa wa tsarin mulki. Lissafa ka gani, shekara 22 bayan 'yancin kai.

Yau abin yana rubuce a tsarin mulkin 1999. Sashe na 35 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40. Sashe na 36 ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar, a gaya masa tuhumar da harshen da yake ji, a ba shi lokacin shiri, ya yi wa shaidu tambayoyi, a ba shi tafinta kyauta. Kotunan Shari'a da Kano ta kafa a 2000 su ma wannan sashe ya hau kansu.

Rubutu daban, aiki daban, mu 'yan adabi mun gani a gidanmu. A zamanin Malam Rabo a hukumar tace finafinai, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Adam Zango a 2007, ta ɗaure marigayi Ibro a 2008, cikin gaggawar da ko mai sayar da ƙosai sai ya yi mamaki. A ƙarshen Disamba 2008 ta ɗaure Hamisu Iyan-Tama kan fim ɗin Tsintsiya. Sai da ya yi kusan wata uku a gidan yari kafin babbar kotu ta ce a sake shari'ar. Wa zai biya shi waɗannan watanni? Haka a Agusta 2020, babbar kotun Shari'a ta Hausawa ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa kan ɓatanci. A Janairu 2021 babbar kotun jiha ta ce a sake shari'ar, don an yi ta ba shi da lauya. Mutane da yawa sun fusata, na kuma san dalilinsu. Amma alƙalin da ya ƙoshi da Tuhfa ba zai ga baƙon abu a nan ba, i'izarin nan ne dai ya sa kwat.

Shi kuwa wanda aka kai ƙara kan gona ko bashi, abin da ya fi kayar da shi ba rashin lauya ba ne, ƙin zuwa ne. Sammaci ya zo, ya ce ai shi ba ya shari'a da ƙaninsa, ya tafi kasuwar Lahadi. Kotu ta saurari ɓangare guda ta yanke, wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce yana gida, sai ranar da ma'aikatan kotu suka zo da igiyar awo yake neman wanda zai karanta masa takardar.