Na'urar ɗumama ruwa: mai gida ke saye, ɗan haya ke biyan wuta

Na'urar ɗumama ruwa, wadda ake kira chauffe-eau da Faransanci, tana cikin kayan gida masu shan wuta sosai. Ɗumama lita 50 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan kWh 2,3. Shi ya sa ƙasashe ke kafa mata doka. Tun Satumban 2015 Tarayyar Turai ta wajabta liƙa mata takardar da ke nuna yawan wutar da take sha. A Afrilun 2024 Amurka ta tanadi cewa daga 2029 manyan na'urorin lantarki za su koma irin masu janyo zafi daga iska.

A gidan haya nan ne lissafi ke rabuwa. Na'ura mai tsimin wuta ta fi tsada, mai gida kuma shi ke saye da ɗaurawa, amma ɗan haya ne ke ganin sauƙi a takardar NIGELEC. Mai gida sai dai ya maido kuɗinsa ta hanyar haya.

Nijar na da tata hanya. Ofishin ONERSOL, wanda Farfesa Abdou Moumouni Dioffo ya jagoranta, ya ƙera masu aiki da rana a Yamai. Ga mai gidan haya a Matankari ko Dogondutsi, inda ruwan zafi sai lokacin ɗari, gara a yi magana tun kafin shiga: wa zai saya, wa zai gyara, nawa za a ƙara wa haya.