Daga Ina Sakatare Ya Samo Sunansa?

A ƙungiyoyi irin tamu kowa na son kujerar shugaba ko ta ma'aji, amma da an zo kan sakatare sai ka ga ana sunkuyar da kai, wai aikin wahala ne, rubuta bayanin taro da raba takardun gayyata. Ni kuwa da nake aikin gwamnati ina ganin an raina wannan muƙami, kuma tarihin sunan shi ne hujjata.

Kalmar sakatare mun aro ta ne daga Turanci, su kuma Turawan Ingila sun samo ta daga Latin, inda ake cewa "secretarius", wato mutumin da aka damƙa wa sirri. Da ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14 ma'anarta ke nan, amintaccen da babban mutum ke gaya wa abin da ba ya gaya wa kowa. Larabawa ma haka suka kalli abin, domin a Masar zamanin Mamluk shugaban masu rubuta wasiƙun sarki ana ce masa katibus sirri. Mu a nan muka ce magatakarda, muka dubi takardar, su suka dubi abin da ke cikinta.

To, wanda ke rubuta wasiƙar sarki shi ya san abin da sarki zai yi tun kafin waziri ya ji. Thomas Cromwell, ɗan maƙeri ne ba ɗan sarauta ba, ya zama babban sakataren Sarki Henry na Takwas a 1534, kuma daga wannan tebur ya riƙa juya Ingila, har da ƙwace dukiyar gidajen ibada na Katolika. Sai dai wanda ya san sirrin sarki yana kusa da fushinsa, a 1540 aka sare masa kai. Francis Walsingham, sakataren Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya daga 1573, shi kam sirrin wasu ya shiga tonowa. 'Yan leƙen asirinsa ne suka kama wasiƙun da suka jawo aka kashe Mary, Sarauniyar Sukotlan, a 1587. Wannan ne asalin da ya sa har yau ake kiran manyan ministocin Birtaniya sakatarori, Amurka kuma ta gaji al'adar, inda Thomas Jefferson ya zama sakataren harkokin waje na farko a 1790.

Sunan bai fara sauka ƙasa ba sai da keken rubutu ya shigo. Kamfanin Remington ya soma sayar da shi a 1874, ofisoshi suka cika da masu buga tafireta, yawancinsu mata, har aka wayi gari in an ce sakatare sai a tuna da mai zama bakin ƙofar maigida tana amsa waya. Duk da haka, wanda ya taɓa neman ganin wani babba ya san wace ce ke buɗe ƙofar nan.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Rasha. A 1922 aka ba Stalin muƙamin babban sakataren Jam'iyyar Kwaminis, manyan jam'iyya suna ɗaukar abin aikin fayil ne kawai. Ashe shi ke rubuta sunan wanda za a naɗa a kowane ofis. Lenin ya farga ya yi gargaɗi kafin rasuwarsa a 1924, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mu ma a Nijeriya an yi ta wasa da sunan. Garambawul ɗin 1988 na gwamnatin Babangida ya soke muƙamin Babban Sakatare a ma'aikatu, ya mayar da shi Darakta Janar, wanda zai tafi tare da gwamnatin da ta naɗa shi. A 1993 kuma, lokacin gwamnatin riƙo ta Cif Ernest Shonekan, ministoci ne aka kira sakatarori, Janar Abacha yana sakataren tsaro. Cikin wata uku ya karɓe mulkin, kuma a zamaninsa ne, bayan rahoton kwamitin Allison Ayida, aka dawo wa Manyan Sakatarori da tsohon sunansu.