"Akwai likita a cikin jirgi?" Wa ake yarda da shi, wa ake tambaya takarda

Idan fasinja ya suma ko numfashinsa ya sarƙe alhali jirgi yana sama, ma'aikatan jirgin sukan yi shela: ko akwai likita ko malamin jinya a cikin matafiya? Wanda ya ɗaga hannu ba shi da farar riga, ba shi da ofis, fasinja ne kamar kowa. Ma'aikaciyar jirgi ce za ta dube shi, cikin ƴan daƙiƙu ta yanke ko za ta ba shi hanya ko za ta nemi shaida. Tun shekarar 2016 waɗannan ƴan daƙiƙu suka zama abin muhawara a Amurka, bayan likitoci baƙar fata, yawancinsu mata, sun fito sun ce su ake tsayarwa ana yi wa tambayoyi, takwarorinsu farar fata kuwa a buɗe musu akwatin magani.

Yawan aukuwar lamarin

Binciken da aka fi ambatawa ya fito a 2013 a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine. Likitocin jami'ar Pittsburgh sun duba kiraye-kirayen gaggawa 11,920 da suka samu daga jiragen kamfanoni biyar tsakanin 2008 da 2010. Sun gano cewa a cikin kowace tafiya 604 ana samun guda da wani ya kamu da rashin lafiyar da ta kai a nemi shawarar likita. Suma ko jiri ne kan gaba, kashi 37 cikin ɗari, sai matsalar numfashi kashi 12, sai tashin zuciya da amai. Kashi 7 cikin ɗari ne suka sa jirgi ya sauka a filin da ba a yi niyya ba. Mutuwa ba ta kai ko rabin kashi ɗaya ba.

Dalilin yawan suman ba ɓoyayye ba ne. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, don haka iskar shaƙa da ke shiga jini takan ragu. Mai lafiya ba ya ji, amma tsoho ko mai ciwon zuciya, ko wanda ya kwana bai ci bai sha ba, yana iya faɗuwa. A kusan rabin waɗannan lamurra, kashi 48 cikin ɗari, likitan da ke cikin fasinjoji ne ya taimaka, malaman jinya kuma a kashi 20. Wato kamfanonin jirage, duk da girmansu, sun dogara ne da alherin mutanen da suka biya kuɗin tikiti kamar kowa.

Abin da ya faru da Dakta Tamika Cross

Ranar 9 ga Oktoba 2016, a cikin jirgin kamfanin Delta da ya tashi daga Detroit zuwa Minneapolis, wani mutum ya daina motsi, matarsa ta fasa ihu. Layi biyu a bayansa akwai Dakta Tamika Cross, baƙar fata, likitar mata da haihuwa da ke shekarar ƙarshe ta ƙwarewa a wani asibitin koyarwa na Houston. Ta ɗaga hannu. Kamar yadda ta rubuta daga baya a Facebook, ma'aikaciyar jirgin ta kira ta da irin sunan lallashin da ake kiran ƙaramar yarinya, ta ce ta sauke hannunta, likitoci na gaske ake nema, babu lokacin surutu. Da aka yi shela ta lasifika, sai ta danna maɓallin kira. Nan aka shiga jero mata tambayoyi: wace irin likita ce, ina take aiki, me ya kai ta Detroit, ina takardunta. Ana cikin haka wani namiji farar fata ya taso ya ce shi ma likita ne, aka wuce da shi wurin majiyyacin.

A nan bayanan ɓangarorin biyu suka bambanta. Dakta Cross ta ce ba ta ga mutumin ya nuna wata takarda ba. Delta kuwa ta ce ma'aikatan lafiya uku ne suka gabatar da kansu, ɗaya ne kawai ya iya nuna shaida, shi ya sa aka zaɓe shi. Ko da an ɗauki maganar kamfanin, ba ta share kalaman farko ba, domin an ce mata ta sauke hannu tun kafin a zo kan batun takarda. Abin da ya ƙara wa labarin gishiri shi ne, a cewarta, ma'aikaciyar ta dawo daga baya tana neman shawararta kan majiyyacin, sannan ta ba ta haƙuri ta yi mata tayin makin tafiye-tafiye na kyauta. Ta ƙi karɓa.

Rubutun nata ya bazu cikin ƴan kwanaki. Likitoci mata baƙar fata suka riƙa wallafa hotunansu da kayan aiki a ƙarƙashin wani take mai ma'anar "ga kamannin likita", da yawa suna ba da labarin abin da ya same su makamancin wannan. A watan Disamba na shekarar, bayan shugabannin Delta sun gana da ita, kamfanin ya sanar cewa ma'aikatansa sun daina neman takardar shaida daga wanda ya ce shi ma'aikacin lafiya ne. Maganar bakinsa ta isa.

Takarda a hannu ma ba ta wadatar ba

Shekara biyu bayan haka, a ƙarshen Oktoba 2018, Dakta Fatima Cody Stanford, likita a babban asibitin Massachusetts kuma malama a makarantar likitanci ta Harvard, tana cikin jirgi daga Indianapolis zuwa Boston. Jirgin na kamfanin Republic ne, yana aiki da sunan Delta. Matar da ke zaune kusa da ita ta kama rawar jiki da numfashi sama-sama. Dakta Stanford ta fara taimaka mata, kuma ba tare da an tambaya ba ta fito da lasisinta, wanda ta ce tun lamarin Dakta Cross take yawo da shi. Ma'aikaciya ta farko ta duba. Ta biyu ta zo ta sake dubawa. Sannan suka dawo suna tambayarta ko lasisin nata ne. Ƙasa da mako biyu kafin nan ita ce ta yi hira da Dakta Cross a wani taro kan nuna bambanci a aikin likita. Delta ta ba ta haƙuri.

Wannan lamari na biyu ya fi na farko nuna inda gizo ke saƙa. Ƙa'ida ta canza, takardar ma ga ta a hannu, amma shakkar tana nan, domin ba daga takarda ta taso ba.

Me doka ta ce

Babu dokar Amurka da ta tilasta wa ma'aikacin jirgi duba takardar likita. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wadda ta wajabta ajiye akwatin maganin gaggawa, tun 2004 kuma har da na'urar farfaɗo da bugun zuciya, a manyan jiragen fasinja, shawara kawai ta bayar cewa ya fi kyau a duba. Kowane kamfani da tsarinsa. Dokar 1998 kan agajin lafiya a jirgi tana kare wanda ya taimaka daga shari'ar diyya, sai fa in ya yi sakaci mai tsanani ko ganganci, tana kuma kare kamfanin in dai da zuciya ɗaya ya yi imani cewa mai taimakon ƙwararre ne. Imani ta nema, ba hatimi ba.

A Faransa lamarin ya ma fi haka nauyi a kan likita: sashe na 223-6 na kundin hukunta laifuka ya tanadi ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 75,000 ga wanda ya ƙi agaza wa mutumin da ke cikin haɗari alhali yana da iko. A Amurka kuwa likita yana iya yin shiru a kujerarsa, doka ba ta taɓa shi. Wannan ne ya sa wulaƙanta mai ɗaga hannu yake da tsada: wanda aka muzanta sau ɗaya yana iya lanƙwashe hannunsa a tafiya ta gaba.

Masu goyon bayan duba takarda suna da hujjarsu. A cikin akwatin akwai allurai irin su adirenalin da za su iya cutarwa a hannun jahili, kuma likitan bogi ba tatsuniya ba ne. Sai dai a aikace binciken bai cika tsare komai ba. Likitoci da yawa ba sa tafiya da lasisi a aljihu. Ma'aikaciyar jirgi ba ta da hanyar tantance katin da aka miƙa mata a sararin sama, balle in likitan daga Yamai ko Damagaram ya fito da kati rubuce da Faransanci. Ga kuma lokaci: idan zuciya ce ta tsaya, kowane minti da ya wuce babu agaji yana rage damar rayuwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari.

Asalin zaton

Baƙar fata sun kai kimanin kashi 13 cikin ɗari na al'ummar Amurka, amma a ƙididdigar ƙungiyar makarantun likitanci ta ƙasar kashi 5 ne kawai na likitoci a 2018. Gibin yana da tarihi. Rebecca Lee Crumpler, baƙar fata mace ta farko da ta samu digirin likita, ta kammala tun 1864. Amma rahoton Flexner na 1910, wanda ya sake fasalin karatun likita, ya jawo rufe biyar daga cikin makarantun likitanci bakwai na baƙar fata, Howard da Meharry kaɗai suka rage. Babbar ƙungiyar likitocin Amurka sai a 2008 ta nemi gafara kan shekarun da ta yi tana barin rassanta suna hana baƙar fata shiga. Ma'aikaciyar jirgin da ta girma ba ta taɓa zama gaban likita mace baƙar fata ba, ita ma gadon wannan tarihin ta ci, ko da ba ta san da shi ba.

Wasu kamfanoni sun kauce wa tantancewar tsakiyar hanya gaba ɗaya. Lufthansa ta Jamus tana da tsarin da likita ke yin rajista tun yana ƙasa, a duba takardunsa sau ɗaya, a haɗa fanninsa da katin tafiye-tafiyensa, ta yadda ma'aikata za su san kujerarsa kafin jirgi ya tashi. Turkish Airlines ma tana da irinsa. Manyan kamfanonin Amurka kuma suna da yarjejeniya da cibiyoyin likitocin gaggawa a ƙasa, irin su MedLink a Phoenix da STAT-MD a Pittsburgh, waɗanda ake kira ta rediyo ko wayar tauraron ɗan Adam dare da rana. Su ne ke ba da umarnin maganin da za a yi amfani da shi, su kuma shawarci matuƙin jirgi, wanda shi kaɗai ke da ikon cewa a sauka ko a ci gaba.