Tankar Yaƙi a Ɗakin Maƙeri: Tarihin Wani Wasa na Manya

Kalmar tanka, wadda ake kiran motar yaƙi mai tafiya a kan sarƙa da ita, da kalmar tanki da ake tara ruwa a ciki, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A shekarar 1915, lokacin da Ingila ke ƙera ta farko a asirce, an baza labarin cewa tankunan ruwa ake haɗawa, don kada ƴan leƙen asirin Jamus su farga. Sunan ɓoyon ya bi ta har yau. Ranar 15 ga Satumba 1916 ta fara shiga fagen daga a yankin Som da ke arewacin Faransa, kuma sojojin da suka tuƙa ta sun ɗanɗana kuɗarsu: ga zafi, ga hayaƙin inji, ga fargabar ƙonewa a cikin akwatin ƙarfe. Ba a daɗe ba masana suka fara tunanin ko za a iya aika tankar ita kaɗai, mutum ya tsaya daga nesa yana juya ta.

Ita wannan dabara ta riga tankar zuwa duniya. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'ar birnin Niyok wani ɗan jirgin ruwa da yake sarrafawa da igiyar iska, ba tare da waya ta haɗa su ba. Tarayyar Sobiyet ce ta kai dabarar fagen fama: a shekarun 1930 ta ɗauki ƙananan tankokinta samfurin T-26, ta cire mutanen ciki, ta sa musu rediyo, ana sarrafa su daga wata tanka da ke biye a baya. An gwada su a yaƙin hunturu da Finlan a 1939 da 1940, amma kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, domin mai sarrafawa ba ya ganin ramin da ke gaban tankarsa. Jamusawa kuwa, bayan sun mamaye Faransa a 1940, sun tsamo wata ƴar mota mai sarƙa daga kogin Sen, aikin injiniya Adolphe Kégresse, suka kwaikwaye ta suka kira ta Goliath. Tsawonta kimanin mita ɗaya da rabi, tana ɗauke da nakiya kilo 60, tana jan waya mai tsawon mita 650 a bayanta. An ƙera fiye da 7,500. A boren birnin Warso na 1944, mayaƙan Polan sun gano lagonta: in aka datse wayar, sai ta tsaya cik.

Abin da janar-janar suka gaza cin moriyarsa, shi ne ya koma abin sha'awar farar hula bayan yaƙi. A birnin Shizuwoka na Japan, kamfanin Tamiya, wanda ya faro da sana'ar katako, ya fitar da ƴar tankar roba samfurin Panther a farkon shekarun 1960. An yi girmanta ne daidai yadda batura za su shiga cikinta, da aka auna sai aka tarar kashi ɗaya ce cikin 35 na ta gaske, kuma wannan ma'auni da aka samu bisa katari ya zama wanda duniya ke bi. A 1974 kamfanin ya fito da tankar Sherman mai rediyo a ma'aunin ɗaya cikin 16. Daga baya kamfanonin Sin irin su Heng Long suka karya farashi, har abin ya shiga hannun mai ƙaramin ƙarfi.

To amma akwai waɗanda roba ba ta kashe musu ƙishirwa. Su ne masu ma'aunin ɗaya cikin shida, galibinsu a Ingila da Jamus da Amurka, da yawansu dattawa da suka yi aikin inji kafin su ajiye aiki. Shi ma wannan ma'auni gado ne daga kayan wasan yara: ƴar tsanar soja mai tsawon santimita 30 da aka fitar a Amurka a 1964 da sunan G.I. Joe kashi ɗaya ce cikin shida na tsayin mutum, don haka tankar da za ta ɗauke ta dole ta bi girmanta. Tun farkon shekarun 2000 kamfanin Armortek na Ingila ke sayar da irin waɗannan tankoki na ƙarfe zalla, gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da kansa. Wasu kuma ba su yarda da ko wannan ba. Daga falle-fallen ƙarfe suke farawa a garejin gidansu.

A nan ne wasan ya zama darasin tarihi, domin tankar da aka fi so a kwaikwaya ita ce Tiger ta Jamus, kuma duk wanda ya ɗaura niyyar ƙera ta zai gamu da kowace matsala da injiniyoyin kamfanin Henschel na birnin Kasel suka gamu da ita, sai dai a ƙanƙance. Ta gaske tana da nauyin tan 57, tsawonta da bakin bindiga ya kusa mita takwas da rabi. In aka raba shida, tsawon zai dawo mita ɗaya da santimita 40, wato kusan girman Goliath ɗin can. Nauyi kuwa ba da shida ake raba shi ba, da 216 ne, tun da tsawo da faɗi da tsayi duk sun ragu; lissafin zai ba da kilo 260 da ɗoriya. Shi ya sa maƙerin gida ke komawa ga alminiyam, yana kuma rage kaurin bango, amma duk da haka abin da zai fito ya fi ƙarfin mutum biyu su ɗaga cikin sauƙi.

Sarƙa ita ce mai raba mai haƙuri da mai garaje. Kowane gefe na Tiger yana da gaɓoɓi 96, ke nan 192 gaba ɗaya, kuma tilas su zo iri ɗaya sak, in ba haka ba haƙoran ƙafar da ke jan sarƙar za su yi ta tsallake. Mai ƙera tasa daga tushe yakan sassaƙa gaɓa ɗaya, ya danna ta cikin yashi mai ɗanko, ya narka ƙarfe ya zuba a gurbin, kamar dai yadda masu tukwanen alminiyam ke yi a kasuwar Katako ta Yamai. Bayan zubi sai goga da huda, gaɓa bayan gaɓa, dare bayan dare. Sannan ga ƙafafu. Tiger ta farkon ƙira tana da 24 a kowane gefe, an jera su suna shiga tsakanin juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe, kowane gatari kuma yana rataye da sandar ƙarfe mai murɗewa ta dawo, wadda ke shanye gargadar hanya. Tsarin yana raba nauyi da kyau, yana sa tafiya ta yi laushi. Illarsa ita ce, in ƙafar ciki ta lalace, sai an kwance na waje da dama kafin a kai gare ta. A filayen Rasha laka takan shiga tsakanin ƙafafun ta daskare cikin dare, gari ya waye tankar ta kasa motsi. Mai ƙaramar tankar da ya fita da ita lambu bayan ruwan sama zai ga irin wannan da idonsa, tsakuwa ɗaya ta isa.

Wanda ya shafe shekara biyu yana wannan aiki ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan dalilin da ya sa Jamus ta ƙera Tiger kimanin 1,350 kacal tsakanin 1942 da 1944, alhali Amurka ta fitar da Sherman fiye da 49,000, Tarayyar Sobiyet kuma ta fitar da T-34 sama da 50,000. Hannunsa ya riga ya gaya masa. Abin mamaki shi ne, wahalar da ta sa Tiger ta zama makami mai tsada ita ce ke jawo maƙera gare ta, domin gwani ba ya son aiki mai sauƙi. Don neman daidaito sukan je gidan adana tankoki na Bobinton a Ingila, inda ake ajiye da Tiger mai lamba 131 da aka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, wadda ta shafe shekaru ita kaɗai ce irinta da ke iya tafiya; wasu su je Somur a Faransa, inda ƙanwarta Tiger ta biyu ke tashi. Suna auna kusoshi, suna ɗaukar hoton layin walda.

Sai dai akwai abin da ma'auni ba ya kamawa. Masana'antun Henschel sun yi aiki da dubban mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da Jamus ta mamaye aka tilasta musu bauta, kuma a daren 22 ga Oktoba 1943 jiragen Ingila suka ƙone birnin Kasel, dubban mutane suka halaka. Ƴar tsanar da ke leƙowa daga saman ƙaramar tankar kwamanda ce a kullum, da hularta tsaf. Ba a cika sassaƙa siffar wanda ya yi waldar ba. Dokar Jamus ta hana baje alamun Nazi, don haka kayan da ake sayarwa a can ba su ɗauke da su, amma muhawara ba ta ƙare ba tsakanin masu cewa kwaikwayon inji kawai suke yi da masu ganin ana wanke makamin azzalumai da fenti mai kyau.

Cikin tankar kuwa ba ya bin tarihi ko kaɗan. Maimakon injin mai, sau da yawa injinan lantarki biyu na keken guragu ake sa wa, ɗaya ga kowace sarƙa, da batura masu ƙarfin bolt 24. In aka rage gudun ɗaya sai tankar ta karkata wajensa. Injin goge gilashin mota yakan juya kan da ke ɗauke da bindiga. A da, masu wasan kan raba zangon rediyo tsakaninsu kafin a fara, domin in biyu suka haɗu a zango ɗaya, tankar wani sai ta bi umarnin wani. Tun tsakiyar shekarun 2000 na'urorin gigahaz 2.4 suka kawar da wannan rigima. Gudun da ya dace da ma'auni kilomita shida ne ko bakwai a awa, daidai tafiyar mutum mai sauri.

Ranar da aiki ya kammala, sai matsala ta ƙarshe ta taso: yadda za a fitar da ita daga gareji. Ba ta shiga bayan ƙaramar mota sai an shimfiɗa katakai ta hau da kanta, wani lokaci ma sai an cire kanta da baturanta an ɗauke su daban. Ta gaske ma haka take. Faɗinta ya wuce na taragon jirgin ƙasa, don haka kafin kowace doguwar tafiya sojoji kan kwance ƙafafunta na waje, su cire sarƙar yaƙi mai faɗin santimita 72 da rabi, su ɗaura mata wata siririya mai santimita 52, in an isa kuma su mayar da komai yadda yake.