Dajin Gundumi da Abin da ke Ƙarƙashinsa: Tarihin Nazarin Duwatsu a Ƙasar Gobir



Wataƙila wani zai yi mamakin ganin malamin Hausa ya tsaya yana magana a kan ilmin duwatsu, wanda Turawa ke kira jiyoloji. Hujjata ita ce sunaye. Duk wanda ya buɗe littafin wannan fanni, ya duba babin arewa maso yammacin Nijeriya, zai tarar da Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina da Gwandu a jere. A wurinmu sunayen garuruwa da dazuzzuka ne. A wurin masanan kuwa, sunaye ne na shimfiɗun ƙasa waɗanda ke kwance wata bisa wata, Gundumi a ƙasa, Gwandu a sama. Nufina yau shi ne in bi sawun yadda sunayen nan suka shiga littattafan duniya, da waɗanda suka shigar da su, sa'an nan in nuna dalilin da ya sa ya kamata ɗan Isa ko Sabon Birni ko Turba ya bi wannan karatu har digiri na biyu da na uku.

Bari mu fara da Gundumi, tun da shi ya fi shafar ƙasar Gobir. Kafin ya zama sunan dutse, Gundumi daji ne tsakanin Sakkwato da Isa, wanda fatake da mayaƙan ƙarni na 19 suka sani da abu biyu, ƙishirwa da hari. Alƙalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, amma Gobirawa ba su sallama ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima. A duk tsawon wannan zamani, ba a ratsa Gundumi sai da rakiya, kuma ba a kwana a cikinsa sai dole. Baturen Ingila Clapperton ya ratsa shi a 1824 a kan hanyarsa ta ganin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kuma ɗanɗana ƙishirwarsa. Bajamushen nan Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ƙetare shi a 1853 da tafiyar da ta wuce yini da kwana ba zango, kafin ya riski Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa.

To, abin mamaki shi ne, wannan daji da ya yi suna da ƙishirwa yana zaune ne bisa ɗaya daga cikin manyan ma'ajiyar ruwa na ƙasar Sakkwato. Ƙasarsa yashi ce da tsakuwa, gauraye da yumɓu nan da can. Ruwan damina ba ya daɗewa a sarari, sai ya nutse, ya sauka inda guga ba ya kaiwa da sauƙi. Matafiya suna tafe bisa ruwa, suna mutuwa da ƙishi.

Gano wannan ya ɗauki lokaci, domin Turawan mulki ba ruwa suka fara nema ba. A 1904 aka kafa ƙungiyar binciken ma'adinai ta Nijeriya ta Arewa, wadda J. D. Falconer ya jagoranta, kuma a 1911 ya fitar da littafinsa a kan duwatsu da labarin ƙasar Arewa. A 1919 aka kafa Ma'aikatar Binciken Duwatsu ta Nijeriya, shi ne kuma shugabanta na farko. Hankalin gwamnati a lokacin yana kan kuzar Jos da kwal ɗin Inugu, watau abin da za a ɗora a jirgin ƙasa a kai bakin teku. Lardin Sakkwato ba shi da ko ɗaya, saboda haka aka bar shi a baya, sai da matsalar ruwan sha ta tilasta. A 1930 Raeburn da Tattam suka buga rahoton farko a kan shimfiɗun ƙasar Lardin, a 1948 kuma Brynmor Jones ya fitar da wanda ya fi shi zurfi. Daga irin waɗannan rahotanni ne sunayen da na lissafa suka samo asali, domin al'adar masanan ita ce su raɗa wa shimfiɗa sunan wurin da ta fi bayyana a sarari.

Ga siffar da suka gano. Ku ɗauka an jera ƙwarya cikin ƙwarya, babba a waje, ƙarama a ciki. Babbar ƙwarya ita ce tsohon dutse mai tauri da ake gani a wajajen Gusau da Ƙauran Namoda. Ta biyu ita ce Gundumi, wadda bakinta ya fito fili a ƙasar Isa da Sabon Birni. Duk shimfiɗun sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, suna ƙara kauri, har jimlarsu ta kai mita 1,000 a kusa da iyakar Nijar. Kwarin Sakkwato kuwa gefe ne kawai na wani babban kwari da ya mamaye yammacin Nijar, ya shiga Mali da Binin da Aljeriya, wanda aka ba sunan Buzayen Iwillimmidan. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 sun raba Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni hannun Ingila, amma layin nan bai wuce saman ƙasa ba. Dutsen farar ƙasa da masana'antar siminti ta Kalambaina ta fara sarrafawa a 1967, irinsa ne ake ƙonawa a Malbaza, a ƙetaren iyaka.

Akwai wani sashe na labarin da ke ba ɗalibai sha'awa, ni ma ba zan iya tsallake shi ba. Bisa ga ƙididdigar masana, kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, teku ta kwararo daga arewa, ta ratsa inda Sahara take yanzu, ta rufe yammacin ƙasar Gobir. Lakar da ta bari ita ce shimfiɗar Dukamaje, kuma cike take da ƙasusuwan da suka zama dutse, na kifaye da kunkuru da kadoji. A 1930 W. E. Swinton na gidan tarihin halittu da ke Landan ya bayyana wasu daga cikinsu, ya ce na wani ƙaton ƙadangaren teku ne, dangin damo da guza. A 1972 masana daga Jami'ar Fulorans ta Italiya, bayan sun tono ƙoƙon kansa a ƙasar Goronyo, suka ga ya sha bamban da danginsa, muƙamuƙinsa dogo kamar na kada, suka sa masa suna Goronyosaurus. A 1975 Halstead ya raɗa wa wani tsohon kada suna Sokotosuchus. Sa'ad da nake karatu a waje na taɓa cin karo da sunan Dukamaje a wata mujalla ta kimiyya, an rubuta shi daidai, amma ba na jin marubucin ya taɓa shan furar garin. Ƙoƙon kan nan yana Italiya. Yaron Goronyo da ke son ganin abin da aka tono a bayan garinsu, sai ya nemi fasfo.

Mu koma ga ruwa, domin shi ne zancen da ya fi nauyi. A cikin shekarun 1960 Ma'aikatar Binciken Duwatsu da takwararta ta Amurka suka yi aikin haɗin gwiwa, suka haƙa rijiyoyin burtsatse na gwaji a kwarin, aka buga sakamakon a 1973 da sunan Anderson da Ogilbee. Sun nuna manyan ma'ajiya uku, watau Gundumi, da yashin rukunin Rima, da Gwandu, wadda a wajajen Argungu da Birnin Kebbi ruwanta kan ɓulɓulo da kansa idan an huda. Rahoton ya fito a tsakiyar farin 1972 zuwa 1974, amma abin da gwamnati ta fi mayar da hankali a kai bayan farin shi ne manyan madatsu, Bakolori a 1978, Goronyo a 1984. Ban ce madatsu ba su da amfani ba. Sai dai madatsa abu ce da ake gani, a yanka mata kyalle, a ɗauki hoto, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba shi da ranar buki.

A wannan zamani ne Nijeriya ta fara samun nata masanan. Cornelius Kogbe ya shirya littafin duwatsun Nijeriya a 1976, sa'an nan a 1979 sashen ilmin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga nazarinsa a kan kwarin Sakkwato, wanda har yau ɗalibai ke komawa gare shi. Ci gaba ne babba, amma ku lura da jerin sunayen da na ambata tun daga Falconer: babu Bagobiri ko ɗaya.

Me ya sa wannan ya dame ni? Saboda ƙasar Isa da Sabon Birni ita ce bakin tulun. Ruwan saman da ke sauka a jigawar Turba, da wanda gulaben Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke kawowa, wani kasonsa yana shiga yashin Gundumi, ya gangara yamma a hankali ƙarƙashin Sakkwato. Tafiyar ba ta shekara ɗaya ba ce. Awon da masanan Jamus suka buga a 1980 ya nuna ruwan Gwandu mai zurfi ya yi dubban shekaru a kwance. Ashe wani ruwan da burtsatse ke zuƙowa yau gado ne, ba ribar daminar bara ba. Nijeriya da Nijar da Mali sun san tulunsu ɗaya ne, har suka zauna a Bamako a 2009 domin shirya hanyar tuntuɓar juna a kansa. A irin wannan zama, ƙasar da ba ta da alƙaluma sauraro kawai take yi.

Digiri na farko ba ya isa ga wannan aiki. Shi yana koya wa ɗalibi ya gane dutse, ya karanta taswirar da wani ya zana. A digiri na biyu ne ake ba shi tambaya guda, da fili guda, a ce ya je ya auna da kansa, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban malamai. A na uku kuwa shi zai kawo tambayar. Ƙofofin suna nan: akwai Zariya da Ibadan da Jos, akwai Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma asusun horar da ma'aikatan man fetur da aka kafa a 1973, wanda ke tura ɗalibai waje. Abin da na lura shi ne, yawancin masu hazaƙa man fetur suke hanƙoro, kuma ba na ganin laifinsu, domin can albashi yake. Ku ma'aikatan gwamnati, a nan naku yake. Muddin za a ba da kwangilar burtsatse ba tare da awon ƙasa ba, a karɓi aiki ba tare da takardar da ke nuna abin da aka huda kamu bayan kamu ba, to mai digiri a ilmin ruwan ƙasa ba shi da abin yi a ma'aikatarku, kuma famfunan da suka kafe za su ci gaba da tsayawa a bakin kasuwanni.

Ga kuma inda fannina ya shigo. Mahaƙan rijiya na ƙasar nan suna da nasu ilmin shimfiɗu, da kalmominsa. Sun san jan gargari da marmara, sun san yumɓu da farar ƙasa, sun san inda ake cim ma ido, da inda ruwa ke fitowa da zartsi. Mahaƙin da ya yi shekara 30 yana sauka rami ya ga cikin ƙasar garinsu fiye da baƙon da ya zo da mota ya kwana uku. Ɗalibin da ya tashi da harshen Gobiranci zai iya zama da shi, ya jera kalmominsa kusa da na littafi, ya gane cewa zartsin nan yana da alaƙa da gishirin dutse da tsohuwar teku ta bari a laka. Swinton da Italiyawa ba su da wannan dama.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Ilmin duwatsu da ƙafa ake yinsa, da guduma da taswira, ga shi kuwa tun ƙarshen shekarun 2010 'yan bindiga suka addabi Isa da Sabon Birni, Gundumi ya koma yadda Barth ya same shi, ba a ratsa shi sai da rakiya. Ba malamin da zai tura ɗalibinsa can da hankali kwance. Duk da haka akwai aikin da ba ya bukatar shiga daji. Tsofaffin takardun burtsatse na ma'aikatar da ke Kaduna da na hukumomin ruwa na jiha suna jiran mai tattara su. Hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna fadamun Rima shekara bayan shekara. Rijiyoyin cikin gari kuma, a Turba da Isa da Sabon Birni, igiya da ma'auni kawai suke bukata: a auna zurfin ruwansu a ƙarshen damina, a sake aunawa a tsakiyar bazara, a rubuta, a maimaita shekara biyar a jere. Wanda ya riƙe wannan littafi zai iya faɗa wa hukuma ko tulun Gundumi yana cika ko yana raguwa.