Tarihin Lasisin Tuƙi na Ƙasa da Ƙasa

Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ɗan littafi ne mai bango ruwan toka, ɗauke da hoton direba da sunansa da nau'in motar da ƙasarsa ta amince ya tuƙa, an rubuta su cikin harsuna da yawa. Ba ya tsayawa da ƙafarsa. Aikinsa shi ne ya shaida wa jami'in wata ƙasa cewa lasisin gida da baƙo ke riƙe da shi sahihi ne, ya kuma fayyace abin da ke cikinsa da harshen da jami'in zai gane. Tushensa yarjejeniyoyi huɗu ne da aka ƙulla a Turai, a shekarun 1909 da 1926 da 1949 da 1968, kuma har yau bambancin da ke tsakaninsu ne ke yanke hukuncin inda takardar za ta karɓu da inda za a ƙi ta.

Sai da lasisin gida ya samu kafin a yi maganar na waje. A 1888 Karl Benz ya karɓi rubutaccen izini daga hukumomin Baden a Jamus domin ya hau motarsa kan titin jama'a. A watan Agusta na 1893 'yan sandan birnin Faris suka fitar da doka da ta wajabta wa direba takardar shaidar ƙwarewa, ta kuma wajabta wa mota lamba. Birtaniya ta kafa dokar motoci a 1903, aka fara ba da lasisi a farkon 1904, ko da yake jarrabawar tuƙi ba ta zama tilas a can ba sai a 1935. Kowace ƙasa ta tsara nata yadda ta ga dama. Da masu hali suka fara ƙetare iyakoki da motocinsu domin yawon buɗe ido, sai matsala ta bayyana: jami'an kwastan na neman kuɗin fito kamar motar ta sayarwa ce, 'yan sanda kuma ba su san lambar ba, ba su iya karanta takardar direban ba.

Ƙungiyoyin masu motoci ne suka fara neman mafita. Ƙawancen ƙungiyoyin yawon buɗe ido da aka kafa a 1898, da haɗaɗɗiyar ƙungiyar kulob-kulob ɗin motoci da aka kafa a 1904, wadda daga baya ta zama FIA, su suka samar da takardun lamuni ga kwastan. Ƙungiyar ce ke tsaya wa mai mota, ta ɗauki alkawarin biyan fito idan motar ba ta koma gida ba. Wannan ne dalilin da ya sa a ƙasashe da dama har yanzu ƙungiyar masu motoci ce ke ba da lasisin ƙasa da ƙasa a madadin gwamnati, kamar yadda AAA ke yi a Amurka.

Yarjejeniyar farko an sa mata hannu a Faris ranar 11 ga Oktoba, 1909. Ta samar da takardar hanya guda ɗaya wadda ta haɗa mota da direbanta, tana aiki shekara ɗaya. Ta shimfiɗa sharuɗɗan birki da fitila da ƙaho, ta kuma sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun direban mota. Daga gare ta ne aka samo farin allo mai siffar ƙwai da ake liƙawa a bayan mota, ɗauke da haruffan ƙasa: F ga Faransa, D ga Jamus, GB ga Birtaniya (har zuwa 2021). Ta kuma amince da alamomin hanya guda huɗu, na gargada da na kwana da na mararraba da na mahaɗar titi da layin dogo. Rauninta shi ne ɗaure direba da mota ɗaya, abin da ya dace da zamanin da attajiri ke tafiya da motarsa da direbansa, amma bai dace da zamanin da ya biyo baya ba.

An gyara wannan a Faris ranar 24 ga Afrilu, 1926. Sabuwar yarjejeniyar ta raba takardun gida biyu, ɗaya ta mota, ɗaya ta direba, kuma a nan ne lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa ya samu siffarsa. An kasa ababen hawa kashi uku: waɗanda nauyinsu da kaya bai wuce kilo 3,500 ba, da waɗanda suka wuce haka, da babura. Wa'adin takardar shekara ɗaya ne. Da yake yawancin Afirka da sassa da dama na Asiya suna ƙarƙashin mulkin mallaka a lokacin, ta hannun Birtaniya da Faransa ne tsarin ya isa yankuna da yawa. Haruffan WAN da aka san motocin Najeriya da su a ƙasashen waje gadon wancan zamani ne, haka ma WAG na Gambiya da WAL na Saliyo. Nijar tana amfani da RN, Ghana kuma GH.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira taro a Jeniba, aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga a kan hanya ranar 19 ga Satumba, 1949, ta fara aiki a 1952. Ita ce ta kawo rabe-raben haruffa biyar da lasisin ƙasashe da yawa ke bi har yau. A na babur ne. B na ƙaramar mota ce da kujerunta ba su wuce takwas ba ban da ta direba, ko motar kaya da nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba. C na motar kaya ce mai nauyi fiye da haka, D na motar fasinja mai kujeru sama da takwas, E kuma na motar da ke jan babbar tirela. An ƙayyade cewa shafin ƙarshe zai kasance da Faransanci, sauran shafukan su maimaita bayanin da harsunan Majalisar da wasu harsunan. An kuma tanadi gurbi inda ƙasar da baƙo ya yi laifi a cikinta za ta rubuta cewa ta haramta masa tuƙi a ƙasarta, ba tare da ta soke masa lasisin gida ba.

Ta huɗu ita ce ta Biyana, ta ranar 8 ga Nuwamba, 1968, wadda ta fara aiki a 1977. Ta tsawaita wa'adin takardar zuwa shekara uku, ko zuwa ranar da lasisin gida zai ƙare idan ita ce ta riga zuwa. Muhimmin sauyin da ta kawo shi ne mayar da hankali kan lasisin gida kansa: ta tsara siffar da ya kamata ya ɗauka, ta kuma ɗora wa ƙasashen da suka shiga nauyin karɓar lasisin juna matuƙar ya bi wannan siffa. Gyaran da ya fara aiki a 2011 ya bayyana ƙarara cewa ba a karɓar lasisin ƙasa da ƙasa sai an nuna shi tare da na gida. Tarayyar Turai ta ɗauki wannan hanya har ƙarshenta, domin tun Janairun 2013 mambobinta ke ba da kati iri ɗaya da ke aiki a dukkan ƙasashenta.

Sabuwar yarjejeniya tana maye gurbin tsohuwa ne kawai tsakanin ƙasashen da suka shiga sabuwar, shi ya sa nau'i uku na takardar ke yawo a duniya lokaci guda. Amurka da Japan suna cikin ta 1949, ba sa cikin ta 1968. Jamus tana cikin ta 1926 da ta 1968, ba ta cikin ta 1949. Saboda haka Japan ba ta karɓar lasisin ƙasa da ƙasa na Jamus, sai dai Bajamushe ya haɗa lasisin gidansa da fassarar Japananci da hukuma ta amince da ita. Ƙasar Sin ba ta karɓar takardar, baƙo sai ya nemi izinin wucin gadi a can. A Birtaniya kuwa mai lasisin wata ƙasa yana iya tuƙa ƙaramar mota har wata 12, daga nan sai ya nemi na ƙasar.

A Afirka ta Yamma, Nijar ta tabbatar da zamanta cikin yarjejeniyar Jeniba a 1961, ta shiga ta Biyana a 1975. Najeriya ta shiga ta Jeniba a 2011, ta Biyana kuma a 2018. Amma abin da ya fi shafar direbobin da ke bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, ko Kamba zuwa Gaya, shi ne tsare-tsaren yankin. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, Ghana ta bi sahu a Agustan 1974, domin su daidaita da maƙwabtansu masu magana da Faransanci. Yarjejeniyar ECOWAS ta walwalar zirga-zirga, wadda aka sa wa hannu a Dakar a 1979, ta ba motar gida damar zama kwana 90 a wata ƙasa mamba, motar haya mai ɗaukar fasinja kuma kwana 15, bisa sharaɗin nuna lasisi mai aiki da takardar mallakar mota da inshora da takardar kwastan. A 1982 aka ƙulla tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa a Kwatano, domin wanda motar baƙo ta yi wa ɓarna ya samu diyya. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 ita ce ta daidaita lasisin jihohi ya zama samfuri ɗaya. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ta sa makomar waɗannan tsare-tsare ta koma teburin tattaunawa.

Cikin duk sauye-sauyen nan, wasu ƙa'idoji ba su motsa ba. Galibi ƙasar da ta ba da lasisin gida, ko ƙungiyar da ta wakilta, ita ke ba da na ƙasa da ƙasa, kuma ba a sake jarrabawa dominsa. Ba ya aiki a ƙasar da ta bayar da shi, ba ya ƙara wa direba nau'in motar da ba shi da izininta a gida, kuma ba ya maye gurbin lasisin ƙasar da mutum ya koma da zama cikinta. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya tare a wata ƙasa dole ne ya nemi lasisinta idan wa'adin baƙunci ya cika. Takardun da ake tallatawa a intanet da sunan lasisin duniya, waɗanda babu gwamnatin da ta tsaya musu, ba su da matsayi a doka, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biyan diyya idan haɗari ya auku direba ba shi da izini sahihi.

Darajar takardar tana rataye ne da amana tsakanin ƙasashe: kowace tana karɓar shaidar 'yar'uwarta cewa an gwada direban kafin a ba shi izini. Ƙasar da ke ba da lasisi ba tare da jarrabawar gaskiya ba tana jefa rayukan 'yan ƙasarta cikin haɗari a gida, tana kuma zubar da ƙimar takardunsu a waje. Inganta lasisin gida shi ne matakin farko na samun karɓuwa a kan hanyoyin duniya.